Layi na Biyu a Katin Baba

Kwana tara da rasuwar Baba aka tura ni karɓo takardar shaidar mutuwarsa. Ni aka zaɓa don ni ce babba, kuma ni kaɗai ce a gidan ba na kuka. Masu zuwa gaisuwa suna ta yaba min haƙuri, ina amsawa, alhali a raina ƙirga kofunan shayin da ba a wanke ba nake yi. Ba haƙuri ba ne. Tun ranar da na fito daga asibiti da takalmansa a leda na zama kamar leɓen da likitan haƙori ya yi wa allura, in na taɓa na san nawa ne, amma ba na jin komai.

Ofishin rajistar yana hawa na biyu, a ƙarshen wata doguwar baranda mai warin maganin goge ƙasa. Benci huɗu ne a ciki, da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Masu rajistar haihuwa da masu rajistar mutuwa layi ɗaya suke bi, saboda haka na zauna kusa da wani sabon uba da ke ta nuna wa kowa hoton jaririyarsa a waya. Ya nuna min, na ce Allah ya raya. Ya ce ni fa, nawa namiji ne ko mace? Na ce namiji ne, ya taya ni murna.

Matar da ke bayan gilashi ba ta ɗago ba sa'ad da aka kira lambata. Tabarau a kan hanci, yatsu a kan kwamfuta, ta yi ta jefo tambayoyi ina cafewa: suna, shekaru, rana, asibiti, sunan likita. Duk na amsa ba gargada, har ni kaina na yi mamakin yadda bakina ya iya aikin.

"Sana'arsa?"

"Akawu ne."

"Wane iri?"

"Akawu dai. Na ofis."

Sai a lokacin ta dube ni. Ta juyo da allon kwamfutar wajena, ta ƙwanƙwasa shi da bayan biro.

"'Yar'uwa, na'urar nan ba ta san akawu ba, Turanci take ji. Ga su nan a jere, ɗaya za a zaɓa."

Na karanta. Clerk, secretary, typist, stenographer, scribe, registrar, messenger, da wasu guda huɗu ko biyar da ban taɓa cin karo da su ba. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a kantin magani, ina karanta rubutun likitocin da su kansu ba sa iya karanta shi bayan kwana biyu. Amma na tsaya a gaban kalmomin nan ban san wacce ce ubana ba. Duk unguwarmu Akawu ake ce masa, har yara ba su san yana da wani suna ba. Ban taɓa tunanin abin yana da iri-iri ba.

"Ki lura," in ji matar, "in na danna ya zauna ke nan, ba a gogewa. Kuma tunda ma'aikaci ne, sai kin kawo min wasiƙa daga inda ya yi aiki. Abin da wasiƙar ta ce shi zan danna, ba abin da ke kika ce ba. Na buɗe miki fayil, kina da zuwa Juma'a. In ta wuce, na'urar da kanta take cike gurbin, ta rubuta ba a sani ba."

"Ba a san me ba?"

"Abin da ya yi a duniya." Ta riga ta danna lamba ta gaba.

Ranar Talata ce. Na sauko, na tsaya a bakin titi har motoci uku suka wuce ni ban ɗaga hannu ba. Ba baƙin ciki nake yi ba, abu ɗaya kawai na sani, ba zan bari a rubuta wa Baba ba a sani ba.

A gida na tarar da Baffa, ƙanin Baba, a kujerar Baba ta falo. Tun ranar rasuwar ya zauna a cikinta don karɓar gaisuwa, kuma alamu sun nuna kujerar ta karɓe shi. Umma tana ƙasa a kan darduma tana ninke rigunan Baba, tana jera su a akwati. Sau uku ke nan ina ganin ta ninke rigunan nan.

Na faɗa musu yadda muka yi. Baffa ya gyara zama.

"Ai wannan ba abin wahala ba ne. A sa sakatare. Sakatare ya fi cika baki, ko a gwamnati akwai shi. Wa zai bi ya duba?"

"Ba ni zan zaɓa ba, Baffa. Sai da wasiƙa."

"To ki ce musu su rubuta sakatare a wasiƙar. Mutum ya mutu kuma a tsaya ana yi masa rowar suna?"

Na tashi na ɗauko ƙamus ɗin Baba daga saman kabad. Tsohon ƙamus ne na Turanci, bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, Baba ya yi masa riga da takardar siminti ya kama da tef. Na zauna a hannun kujera, na fito da takardar da na kwafo kalmomin a kai, na fara bi ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa ina mayar musu da Hausa.

"Secretary. Wanda ke kula da wasiƙun wani babba, yana amsa masa waya, yana tsara masa wa zai gani da kuma yaushe. Sun ce asalinta mai riƙe asiri."

"Kin ji ko," in ji Baffa. "Yaya ai rijiya ne, abin da ya shiga cikinsa ba ya fitowa."

"Bai taɓa amsa wa kowa waya ba," in ji Umma, ba ta ɗago ba. "Ko ta gidan nan in ta yi ƙara sai ya miƙo min."

"Typist. Mai buga takarda a tafireta, aikinsa ke nan daga safe har yamma."

"Da yatsa biyu yake bugawa," in ji Umma. "Wuce."

"Stenographer. Mai rubutun sauri da wasu alamomi, yana kama magana tana fitowa daga bakin mai ita, ba ya barin ko ɗaya ta faɗi ƙasa."

Baffa ya kwashe da dariya har da buga ƙafa. "Yaya? Mutumin da kafin ya rubuta sunansa sai ya gwada biro a takarda uku? Ai mai maganar sai ya je gida ya dawo."

Scribe ta ɗan tsayar da mu. Ƙamus ya ce mai kwafar littattafai da hannu ne a zamanin da ba a ƙirƙiro injin bugawa ba, ko kuma wanda ke rubuta wa waɗanda ba su iya ba. Duk Asabar da safe Baba yakan fito da ƙaramin tebur ƙofar gida, maƙwabta su yi layi, wannan a cike masa fom, waccan a rubuta wa ɗanta wasiƙa. Ba ya ƙara wa mutum magana, ba ya rage masa. In ka ce a rubuta zagi, sai ya ajiye biro ya dube ka har ka sauya da kanka. Amma wannan aikin Asabar ne, ba shi ya kai shi ofis shekara talatin da ɗaya ba. Registrar kuma ta yi masa yawa, mai ofis ne da hatiminsa da mutane a ƙarƙashinsa.

"Clerk," na karanta. "Ma'aikacin ofis da ke riƙe da takardu da rajista. Yana shigar da abin da aka ba shi, yana kwafa, yana adanawa, yana fito da shi ranar da aka nema."

Ko Baffa ya san an zo wurin.

"Saura messenger," na ce, don in gama jerin. "Ɗan aike. Mai kai takarda daga tebur zuwa tebur, ko daga ofis zuwa ofis."

"Masinja? Tsallake wannan, kada ki ɓata mana rai," in ji Baffa, yana dariya. Umma ba ta yi dariya ba, amma dama kwana tara ke nan ba ta yi ba. Ta shafa wuyan wata farar riga, ta sa ta a akwati.

"Ba ƙamus za ki tambaya ba," ta ce. "Gobe ki je ofishinsu, ki nemi Dogo."

Kamfanin da Baba ya yi wa aiki na ɗaukar kaya ne a manyan motoci. Ofishinsu yana saman wani shagon tayoyi, sai ka bi wata siririyar matakala ta ƙarfe da ke amsa kowane taku. Rabona da wurin tun ina firamare. An sa sababbin kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, an kuma sa wata sakatariya mai dogayen farata da ban san yadda take buga kwamfuta da su ba, amma tana bugawa. Ta yi min gaisuwa da gaske, ta ce ta tarar da Baba shekara biyu kafin ya yi ritaya, shi ya koya mata yadda ake ninke wasiƙa gida uku ta shiga ambulan ba tare da ta karye ba.

"Wasiƙar minti biyar ce, Anti," ta ce. "Sai dai tsofaffin ma'aikata ba sa cikin kwamfuta, suna kan kati. Ni abin da ke kan kati nake kwafa. Baba Dogo ne mai makullin."

Baba Dogo abokin aikin Baba ne, tebur da tebur suka zauna fiye da shekara ashirin. Ya kamata a ce ya bar aiki tuni, amma kamfanin ya riƙe shi don babu wanda ya san kan ɗakin ajiyar takardu sai shi. Tsawon da aka yi masa laƙabi da shi yanzu ya zame masa kaya, a rankwafe yake tafiya. Sau uku ya zo mana gaisuwa, kullum a bakin ƙofa yake zama, kuma bai taɓa shan shayin da aka ba shi ba.

"'Yata, ke ce? Ya ƙarin haƙuri? Ya mahaifiyarki?"

"Da godiya, Baba Dogo. Ita ta ce in neme ka."

"Ita ta ce?" Ya tsaya da makulli a hannu. Ya sake tambaya ko da bakinta ta ambaci sunansa, na ce da bakinta.

Ɗakin ajiyar ba shi da taga. Kabad ɗin ƙarfe ne a jere har rufi, da tebura biyu suna fuskantar juna, ɗaya da kofi da tabarau a kai, ɗayan an tara masa tsofaffin fayiloli. Ban tambayi na waye ba. Baba Dogo ya jawo wata doguwar durowa cike da katuna masu kauri, ya fara bin su da yatsa. Daga inda nake tsaye ina hango rubutun da ke kansu. Rubutun Baba ne, mai ɗan kwantawa dama, wanda ke jikin gwangwanayen sukari da gishiri na kicin ɗin Umma. Direbobi, makanikai, masu gadi, manajoji, duk ranar da aka ɗauki mutum, ko aka ƙara masa girma, ko aka sallame shi, hannun Baba ne ya shigar.

Ya daɗe yana nema. Ya wuce wurin ya dawo, ya sake wucewa. Ni kuwa na sayar da magani ga mutane da yawa da ke zagaye-zagaye kafin su faɗi abin da ya kawo su, na san mai neman abu, na kuma san wanda ya san inda abin yake. Na bar shi ya gama.

Katin Baba ya yi ruwan ƙasa a gefe-gefe. A sama an buga hatimin ritaya a karkace. Layin farko rubutun wani ne da ban sani ba, da tawada shuɗiya da ta koɗe: ranar da aka ɗauke shi aiki, sai kalma ɗaya, messenger. Layi na biyu babu komai. An dai ja masa layi da fensir da rula, a miƙe sambal, amma ba a rubuta komai a kai ba. Daga nan har ƙasan katin fari ne.

Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne tsatsar da ɗan ƙarfen maƙale takarda ya bari a kusurwar katin.

"Ashe ƙarya yake yi mana," na ce. Muryata daidai take, kamar ina faɗa wa mai saye sau nawa zai sha a rana.

"Kul. Kada ki ƙara faɗar haka." Baba Dogo ya jawo kujera ya zauna da ƙyar. "Ubanki akawu ne. Duk garin nan ban ga akawu kamarsa ba."

Ya buɗe wani fayil da ya riga ya ajiye a gefen teburinsa, ba daga kabad ya ɗauko shi ba. A ciki akwai wasiƙar manajan wancan zamanin, wadda aka rubuta shekara ashirin da shida da suka wuce. Ta ce daga ranar kaza an ɗaga Baba daga masinja zuwa akawu, saboda ƙwazonsa da kyan rubutunsa. A gefen wasiƙar manajan ya ƙara da jan biro: Dogo ya shigar a kati.

"Komai an ba shi," in ji Baba Dogo. "Tebur, makulli, albashin akawu, komai. Katunan ma gaba ɗaya aka damƙa masa. Shigarwar ce kawai ta rage."

"To ai katunan a hannunsa suke. Me ya hana shi rubutawa?"

Ya dube ni kamar na ce a sha maganin da ya lalace.

"Ba a yi. Dokar ɗakin nan ce tun kafin mu zo, akawu ba ya taɓa katinsa. Ko manaja ne ya tsaya a kanka, wani ne zai shigar maka. In kowa zai rubuta wa kansa, wa zai ƙara yarda da kati? Shi ya shigar da nawa, sau biyu, a ranar da takardar ta fito. Nasa kuma ni aka ce."

Ya juya katin wajena, ya nuna min da farce.

"Kin ga gurbi biyu ne a gaban kowane layi. Wannan ranar da aka amince, wannan ranar da aka shigar, sai mai shigarwa ya sa hannu. Ranar da wasiƙar ta fito wata motarmu ta kife da kaya, ofis ya rikice, na ce gobe. Washegari aka aike ni wurin motar, na yi sati. Da na dawo sai na ga in na rubuta, tsakanin ranakun biyu kwana tara ne. A lokacin akwai mai duba takardu da ke zuwa daga babban ofis duk wata uku, in ya ga tazarar ta wuce kwana uku sai ya ba ka takardar tuhuma. Ina da biyu a fayil, ta uku kora ce. Na ce bari ya zo ya wuce."

"Ya wuce?"

"Ya wuce. Sai tazarar ta zama wata uku. Kin gane? Kullum abin ƙara girma yake yi. Da aka shekara, ko katin ba na iya ɗaukowa. Daga baya ma aka daina turo mai dubawar, amma a lokacin ba shi nake tsoro ba. In rubuta tazarar shekara biyar a gaban ubanki, in sa hannu a ƙasa?"

"Bai taɓa yi maka magana ba?"

"Sau ɗaya. Ba da baki ba. Na zo da safe na tarar da katin a kan teburina, ya ɗora biro a kai. Yana zaune a nan, yana aikinsa, bai ɗago ba. Na ɗauka na mayar durowa. Da azahar ya raba burodinsa biyu ya miƙo min rabi, kamar kullum."

Na kai yatsa kan layin fensir ɗin. Ya yi rami a jikin katin, kamar an bi ta kansa sau da yawa.

"Duk farkon shekara yake sake ja," in ji Baba Dogo. "In ya koɗe. Fensir ba shigarwa ba ce, bai karya doka ba."

Fankar ɗakin ba ta aiki, zufa tana bin bayana. Na faɗa masa abin da matar rajista ta ce, yadda ta faɗa. Zuwa Juma'a, ko dai a rubuta masinja, ko a rubuta ba a sani ba, kuma ba a gogewa.

"Wannan mai sauƙi ne," ya ce da sauri. "Zan yi wa yarinyar nan magana ta buga miki clerk a wasiƙa, ba sai ta ga kati ba. Tana jin maganata."

Gaskiya na so in ce to. Ƙafafuna sun gaji, wasiƙa nake nema, kuma matar rajista ba za ta taɓa sanin bambancin ba. Amma katin yana hannuna, ramin fensir ɗin yana ƙarƙashin yatsana.

"Katin fa?"

"Ko kuma in shigar, in sa tsohuwar ranar a gurbin biyu duka. Babu mai dubawa yanzu."

"Baba Dogo, da yana zaune a teburin can, zai bar ka?"

Ya dubi teburin da aka tara wa fayiloli. Ya daɗe yana dubansa.

"Ba zai ce komai ba," ya ce. "Abin da ya fi muni ke nan."

Ban roƙe shi ba, ban kuma yi masa faɗa ba. Ban da ƙarfin ko ɗaya. Na ajiye katin a gabansa, na koma na jingina da kabad. Haushinsa ma na nema a raina ban samu ba, abin da na gani kawai tsoho ne da rigar da ta yi masa yawa.

Ya sa tabarau. Ya buɗe durowar teburinsa ya zaɓi biro, ya gwada shi a bayan wata ambulan. Akwai agogon bango a saman ƙofa, shi na zuba wa ido don kada in kalle shi. Ya rubuta haruffa biyar a kan layin. Ya rubuta ranar da ke jikin wasiƙar manaja a gurbin farko. A gurbi na biyu ya ɗan tsaya, ya tambaye ni yau nawa ga wata, na faɗa masa, ya rubuta, ya sa hannu. Dogon hannun agogon bai ko motsa daga inda yake ba.

Sakatariyar ta karɓi katin ta fara bugawa. Da ta kai kan ranakun biyu faratanta suka tsaya. Ta dubi katin, ta dubi Baba Dogo da ke tsaye a bakin ƙofa, sannan ta ci gaba da aikinta. Ta ninke wasiƙar gida uku ta sa a ambulan. Baba Dogo ya rako ni har bakin matakala, ya ce in gaida mahaifiyata, sai kuma ya ce a'a, in bari kawai.

Ranar Alhamis na koma ofishin rajista. Matar ta karanta wasiƙar da ido ɗaya, ta gangara cikin jerin, ta danna. Injin ya yi ƙara ya turo takardar da ɗuminta. Ta buga hatimi, ta ce Allah ya jiƙansa, ta kira lamba ta gaba.

Baffa ya karɓi takardar a falo, ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya taɓe baki. Ya ce shi dai har yanzu sakatare ya fi masa, amma tunda yaran zamani ba sa jin shawara, shi ke nan. Na bar shi da kujerarsa na shiga ciki.

Umma tana zaune a bakin gado, akwatin rigunan a rufe a gabanta. Na durƙusa na miƙa mata takardar. Ba ta iya karanta Turanci ba, ta riƙe ta dai da hannu biyu.

"Me aka rubuta?"

"Akawu, Umma."

"Ba wannan nake tambaya ba. A katin."

Na ɗago na dube ta. Fuskarta yadda take tun kwana goma sha ɗaya, ba abin da ya sauya.

"An shigar," na ce.

"Wa ya shigar?"

"Baba Dogo."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa. Ina tsaye."

Ta ajiye takardar a kan akwatin, ta shafe ta da tafin hannu.

"Ya samu lokaci ke nan," ta ce. Can ta ƙara, "Ranar da aka ba babanku wasiƙar nan, da gudu ya hawo matakalar gidan da muke haya, kina goye a bayan maƙwabciya ko kina makaranta, na manta. Ya ce gobe Dogo zai shigar. Na tambaye shi washegari. Na tambaye shi bayan sati. Daga nan ya ce in daina tambaya, kada in sa ya tsani abokinsa. Ban ƙara ba."

Daga falo ana jin Baffa yana amsa sallamar wasu baƙi, yana ce musu su shigo. Umma ba ta motsa ba.

"Aikin yana da yawa ne?" ta ce. "Ya daɗe yana rubutawa?"

Na buɗe baki in ce e, ya daɗe, abu ne mai wuya. Na ga tana jira, kuma shekara ashirin da shida ba ta tambayi kowa ba.

"Bai kai minti ɗaya ba, Umma."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta tashi ta gyara mayafinta don ta je ta gaida baƙin. A nan abin ya same ni, gaba ɗaya, tun daga asibiti har zuwa ranar, da zafin da ban san jikin mutum yana iya ɗauka ba. Na kasa tashi daga inda na durƙusa. Umma ta tsallake ni ta fita, ta jawo min ƙofar.